Me Ya Ci Dara Tsakanin Batsari da Safana?

A watan Yulin 2020 wani kamfanin Ingila mai suna Games Workshop ya fito da akwatin wasa da ya kira Indomitus. Abin da ke ciki 'yan mutum-mutumin sojoji ne na roba, galibinsu ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Mai saye shi zai harhaɗa su, ya shafa musu fenti, ya jera su kan tebur ya kara da rundunar abokinsa. Cikin 'yan mintoci da buɗe ciniki kaya suka ƙare. Waɗanda suka riga kowa suka kwashe, suka dawo suna sayarwa da tsada a intanet. Masu sha'awar wasan suka yi ta ƙorafi, har sai da kamfanin ya yi alkawarin ƙera wa duk wanda ya biya kuɗi ya jira. Irin wannan kuka ya sha maimaituwa a kan akwatunan Kill Team, ƙaramin wasan kamfanin wanda ake gwabzawa da sojoji kamar goma a kowane ɓangare.

Mutumin Wagini ko na Runka da ya ji wannan labari zai iya yin murmushi ya ce kowa da abin da ya dame shi. Amma kafin mu yi musu dariya, mu tuna mu ma muna da namu wasan yaƙi, wato dara, kuma ita ma ta yi wuyar samu. Abin mamakin shi ne tamu ba a sayen ta. Babu kamfani, babu akwati, babu jiran jirgin ruwa. Ƙasa ce da kara da tsakuwa. To yaya aka yi abin da kayansa ke zube a kowace ƙofar gida ya zama sai an yi cigiya? Amsar tana cikin tarihin yammacin Katsina, kuma ba wannan ne karo na farko ba.

Yadda wasu suka sa yaƙi cikin akwati

Ɗan Adam ya daɗe yana ƙanƙantar da fagen fama don ya ɗora shi a gabansa. A Indiya, wajen ƙarni na 6, an yi wasan caturanga, wanda sunansa ke nufin sassa huɗu na runduna: dakaru, mahaya dawaki, giwaye da kekunan yaƙi. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suka ce shaɗaranji, Turawa suka mayar da shi ces ɗin da ake yi yau.

A 1824 wani matashin hafsan soja a daular Furusiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, mai suna Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙirƙira. Aka daina amfani da allo mai gidaje, aka shimfiɗa taswirar ƙasa ta gaske, aka ɗora ƙananan tubala ja da shuɗi a madadin rundunoni, aka sa alƙali a tsakiya da ƙwayar jefawa irin ta ludo. Manyan hafsoshi suka gani suka ce wannan ai horo ne, aka rarraba shi ga barikoki. Da Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka kwaikwaya. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da sojojin dalma mai suna Little Wars, yana ganin gara manya su huce haushinsu a kan 'yan tsana da su tura 'ya'yan mutane mutuwa. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

Shi kuwa Games Workshop, wasu abokai uku ne suka kafa shi a Landan a 1975, kuma sana'arsu ta farko sassaƙa allunan katako na tsofaffin wasanni ce, har da wasan gurabu da tsakuwa irin na Afirka da wani wasan jera uku na Turawa, waɗanda duk 'yan uwan dararmu ne. Sai a 1983 suka fito da Warhammer, a 1987 kuma Warhammer 40,000. Yau kamfanin yana birnin Nottingham. Da zarar wasa ya koma kayan masana'anta, yawansa ya rataya ga injin da ke zuba robar da kuma lissafin mai injin. Ƙarancin da suke kuka da shi ke nan.

Gida talatin, 'ya'ya ashirin da huɗu

Kalmar dara a bakin Bahaushe tana ɗaukar wasa fiye da ɗaya. Akwai ta gurabu goma sha biyu da ake zagayawa ana zuba tsakuwa, irin wadda Yarabawa ke kira ayo, wadda mata da yara suka fi yi. Akwai kuma ta maza, ta jera uku, ita ce muke magana a kai. Ana yin ta a ƙasar Hausa duka biyu, Najeriya da Nijar. Dakarkarin Zuru sun shahara da ita, Zabarmawa kuma suna ce mata dili.

Yadda aka fi sanin ta, ana share ƙasa a tona gurabu layi biyar, kowane layi gida shida, talatin ke nan, ko da yake wasu wurare suna faɗaɗa filin. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu. Wannan ya karya kara ko tsinke, wancan ya tsinci tsakuwa, don kada rundunonin su rikice. Wasan hawa biyu ne. Da farko ana dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa, ni in sa, kuma a wannan lokaci ba a yarda kowa ya jera uku ba. Idan an gama, sai a fara tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba ya ratse, ba ya tsallake. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an gama da shi.

A yi lissafi: 'ya'ya 24 a gida 30, saura gida 6 kacal babu kowa. Fili ya cushe tun kafin a taka ko'ina. Shi ya sa gwanaye suke cewa a wurin dasawa ake cin dara, tafiya cika aiki ce kawai. Wanda ya iya yana dasa ɗansa yau saboda abin da zai faru bayan taku goma. Yana toshe hanya, yana barin wata a buɗe da gangan, yana sadaukar da ɗa ɗaya don ya kwashe uku. Babban tarko shi ne wanda ake kira doki: mutum ya tsara 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, kowane taku ci ne. Wanda aka hau masa doki sai dai ya zuba ido ana tsince rundunarsa. Wannan tarko ya yi suna har a wasu wurare wasan gaba ɗaya ake kira doki.

Babu sa'a a ciki. Ba a jefa ƙwaya, ba a raba kati. Idan an ci mutum, ba shi da wanda zai zarga. Harshen wasan ma na fagen fama ne: ci, tarewa, kisa, doki. Daga nan Hausa ta samu karin maganar nan, dara ta ci gida, ga wanda ya haƙa wa wani tarko ya faɗa da kansa. 'Yan jarida suna ta amfani da ita a labaran siyasa, yara suna maimaitawa, da yawansu ba su taɓa tsugunawa gaban gurbi ba.

Su ma 'yan mutum-mutumin ba baƙi ba ne a wurinmu. Yaron ƙauye ya san yadda ake gina doki da mahayinsa da yumɓun bakin tafki, a shanya a rana, a jera su a yi ta yaƙi har a kira shi cin tuwo. Ya san dokin kara da motar kara. Abin da Bature ke jira watanni a aiko masa, yaranmu da hannunsu suke ƙerawa.

To idan kayan dara ba su da wuya, me take bukata? Abu huɗu. Inuwa, ta tsamiya ko ta bedi ko rumfar kasuwa. Lokaci, wanda rani ke bayarwa bayan an kai amfanin gona rumbu. Abokin karawa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu kuma 'yan kallo, domin a nan makarantar take. Ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ya koya masa dara. Yana tsaye bayan manya yana kallo shekara da shekaru, ana aiken sa ya ɗebo ruwa, har wata rana wani ya tashi a ce masa zauna mu gani. Duk abubuwan nan huɗu 'ya'yan zaman lafiya ne.

Darasi daga Borno

Dara ba ta samu shiga littattafan malamanmu ba, kuma da dalili. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, malamai kuma sun daɗe suna tsawatarwa a kan duk wasan da ke jawo caca ko ya sa a makara salla. Saboda haka masu alƙalami suka bar dara wa masu ita, ta rayu a ƙwaƙwalwa da yatsun talakawa. Wannan ya ba ta 'yanci, ya kuma bar ta ba rumbun ajiya.

Abin da ke faruwa da wasa irin wannan idan masu shi suka ƙare, Borno ta nuna mana. A can an yi wani ces na gida mai suna tsatsarandi, wanda daga shaɗaranjin Larabawa ya samo suna. 'Ya'yansa sun ɗauki sarautun Borno: akwai Mai, akwai Ciroma, akwai Kaigama. Wasan fada ne da manyan gari. Jami'an mulkin mallaka da suka rubuta labarinsa a shekarun 1930, irin su C. K. Meek a 1934, a hannun tsirarun dattawa suka same shi. Yau sai a takardu da gidajen tarihi. Sassaƙa 'ya'yansa ba ya gagarar masassaƙi ko a gobe. Waɗanda za su zauna gaba da gaba ne babu.

Karo na farko da ƙasar Ruma ta watse

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, wanda ya raba Katsina da Zamfara. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Wannan yanki bakin daga ne tun ƙarni na 19. Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta ya yi arewa ya kafu a Maraɗi, daga nan aka shiga shekaru masu yawa na hari da ramuwa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi a yaƙin Gawakuke. Wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan ƙasar Ruma suka yi tawaye suka bi Ɗan Mari na Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi, garuruwa suka zama kufai, daji ya rufe gonaki. A 1844 Sakkwato ta tuɓe Siddiku, amma ɓarnar ta riga ta auku. Wanda ke son zurfafa bincike a kan wannan zamani ya nemi littafin Dokta Yusufu Bala Usman a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883.

A watan Maris na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Daga Zakka, wadda yau take ƙaramar hukumar Safana, ayarinsu da sauri ya ratsa dajin saboda tsoron mayaƙan Gobir. Mai karatu na yau da ya san hanyar nan ba ya bukatar a fassara masa wannan sauri. Garuruwan da suka tsira a lokacin su ne masu ganuwa da mayaƙa, irin Ruma ta Ɗanwaire, wanda har gobe ake ambaton jaruntarsa.

Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, aka shata iyaka tsakanin Ingilishi da Faransawa, hare-haren Maraɗi suka tsaya. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, da bayansa, mutane suka fita daga ganuwa suka sake sarar daji. Ƙauyuka suka tsiro, kasuwanni suka ci, aka noma gero da dawa da gyaɗa da rogo, Fulani suka yi kiwo a Rugu. Darar da kakanninmu da iyayenmu suka sani a gindin bishiya, 'yar wannan dogon zaman ce. Ba a yi odar ta daga ko'ina ba. Da mutane suka dawo, suka zauna, ta dawo tare da su.

Karo na biyu

Gaskiya dara ta fara samun kishiyoyi tun kafin bindiga. Ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 daga wani tsohon wasan Indiya, ya shigo da allonsa mai launi. Karta ta shigo. Gidajen kallon ƙwallo suka janye samari da yamma, cin-rani ya kwashe majiya ƙarfi zuwa Legas da Abuja a daidai lokacin da ake zaman dara. Daga baya waya ta ba kowa abokin wasa a aljihu. Duk da haka waɗannan rage mata jama'a suka yi. Dattawa suna nan a inuwarsu, kuma muddin suna nan akwai yaron da zai tsaya kallo.

Abin da ya tuge inuwar kanta shi ne ta'addancin 'yan bindiga. Satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. A 2019 'yan gudun hijira suka cika makarantun firamare a garin Batsari. Ran 14 ga Fabrairun 2020, watanni biyar kafin Turawa su fara kukan akwatinsu, aka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, 'yan sanda suka ce mutum 30 aka kashe. A watan Disamban shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar yankin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su biyun suna ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya, abin ya kai har wajen ƙarshen shekara.

A watannin nan, wasan da ba ya son caji ko sabis shi ne dara. Amma wa zai zauna? Taron maza a fili da la'asar ya zama abin tsoro. Wanda ya kwana a daji ko a kan dutse ba shi da natsuwar lissafa taku goma. Mai neman kuɗin fansar ɗan'uwansa ba ya tona gurbi. Abokan karawar shekara talatin, ɗaya yana Katsina, ɗaya yana Dutsin-Ma, ɗaya ya tsallaka Maraɗi, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Yaron da aka gudo da shi yana goye a 2019 yanzu ya isa tsayawa bayan manya, sai dai a ɗakin haya na bayan gari babu tsamiya, babu manyan.

Wani zai ce ana maganar rayuka, wa ke ta dara? Gaskiya ne, rai ya fi komai, kuma ba wanda zai sa wasa a sikeli ɗaya da jini. Abin da muke cewa shi ne dara ma'auni ce. Jami'i zai iya kawo alƙaluman hare-hare ya ce an samu sauƙi. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, an yi zaman sulhu a Batsari da Safana a 2025, mutane kuma sun rabu a kan ko sulhun zai ɗore. Amma ranar da ka shiga ƙauyen bakin daji ka tarar da dattawa biyu sun sunkuya kan ƙasa, sun ba hanya baya, mutum goma suna kansu ana gardama, babu mai ɗaga kai don ya ji ƙarar babur, ranar ka ga zaman lafiya da idonka.

Abin da ya rage a hannunmu

Bambancin karo na farko da na biyu yana da muhimmanci. Waɗanda suka dawo ƙasar Ruma a farkon ƙarni na 20 sun dawo da dara a kansu, kuma ba ta da kishiya. Waɗanda za su koma yanzu za su koma da waya a hannu, gwanayen kuwa suna ta tsufa a gudun hijira. Idan tsara ɗaya ta wuce ba ta tsaya kallo ba, sunan zai rage a karin magana kawai, kamar yadda tsatsarandi ya rage a takarda.

Maganin bai da tsada. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Ɗalibin Hausa ko na lissafi da ke neman abin rubuta kundi zai iya zama da tsofaffin Ruma da Zakka da Runka ya rubuta dokokinsu, da sunayen tarkunansu, da inda darar wani gari ta saɓa da ta wani. Malamin firamare zai iya zana gida talatin a filin makaranta, babu caca, babu shiga lokacin salla, ya ga yadda yara za su koyi haƙuri da hangen gaba. Mai karanta wannan a waya kuma, idan akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku da ya taso a yammacin Katsina, ka share ƙasa a gabansa ka miƙa masa kara goma sha biyu. Ka shirya shan kaye, don zai hau maka doki tun ba ka gane inda aka dosa ba. Ka ɗauki wasan a bidiyo, ka tambaye shi sunan kowane taku, ka kira ƙannenka su tsaya a baya su yi kallo.